An ce mu ba da kundayen kakanmu kafin tallafin Turawa ya ƙare, mu bayar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi. Kakanmu malami ne, ya rasu ya bar akwati biyu cike da littattafan rubutun hannu, wasu da Larabci, wasu da ajami, har da wasiƙu. Tun rasuwar mahaifinmu suna ɗakina, don ni ce babba. Ɗakin yana yoyo, bana kuma na ga gara ta fara cin gindin akwati ɗaya. Kwanan nan wani mutum ya zo ta hannun wani ɗan unguwa, ya ce shi wakilin wata ƙungiyar ƙasar waje ce mai kare kayan tarihi. Zai ba mu kuɗi, ya tafi da littattafan Turai a gyara su a ɗauki hotonsu, bayan wata shida a dawo mana da su. Ya ce mu hanzarta, don gwamnatocin Turawa sun yanke tallafi, in aka rufe bana shi ke nan. Ƙannena maza sun ce a karɓa. Ni kuwa barci ya gagare ni: in na hana, gara ta cinye, in na bayar, ina tsoron na ci amanar kakana. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Malam da mahaifinku, ya saka miki da wannan riƙon amana. Ko warƙa ɗaya kada ta fita gidanku a hannun mutumin nan. In ya dawo ki ba shi ruwa ya sha, ki sallame shi da mutunci.

Maganar yanke tallafi ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa take shiga kunne. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarta zuwa 0.5, a watan Fabrairun 2025 kuma Firaminista Keir Starmer ya sanar za a mai da shi 0.3 nan da 2027. A shekarar dai Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID. Asusun kare al'adu da British Council ke gudanarwa tun 2016 daga aljihun tallafin nan na Birtaniya yake cin abinci, don haka duk mai sana'a irin tawa ta adana kayan tarihi hankalinsa ba a kwance yake ba. Sai dai wannan damuwar ma'aikata ce da jami'o'i. Ke babu abin da aka yanke miki, domin tun asali ba a taɓa ware ko kwabo daga kuɗin nan don sayen littafi a hannun iyali ba.

Nan ne bakina ya gaji da magana a Zango, daga Yalwa zuwa Sawaba, har Nima da Madina in na je Ankara, babban birnin Gana. Ya zauna daram a zukatan mutanenmu cewa tallafin kayan tarihi yana nufin Bature zai zo da dala, ya karɓi tsohon littafi, ya tafi da shi inda za a fi kula da shi. Har gori ake yi wa wanda ya ƙi, a ce ya zauna a kan dukiya yana kuka da talauci. Wannan fahimta ta raba gidajen malamai da kundayensu fiye da yadda gara da ruwan sama suka yi. Gara tana cin gefe ta bar tsakiya, a zo a karanta saura. Dillali kuwa ba ya barin komai.

Ga yadda aikin gaskiya yake tafiya. Shirin ceto tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya, wanda ake kira EAP, yana aiki tun 2004, kuma kuɗinsa ma daga gidauniyar Arcadia yake fitowa, ba daga baitulmalin gwamnati ba. Sharaɗinsa a rubuce yake: asalin takarda ba ya barin ƙasar da aka same shi. Hoto ake ɗauka, a ajiye kwafi a wata cibiya ta cikin ƙasa, a kai kwafi Landan, a sa a intanet kowa ya karanta kyauta. Kuɗin yana tafiya ne wajen kyamara da kwamfuta da kwalayen ajiya da ladan masu aiki. Duk wanda ya ce miki sai littafi ya hau jirgi kafin a ɗauki hotonsa, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani yana so ke kada ki sani. A shekarun 1960, lokacin da Baturen masanin tarihi Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo suke zaga garuruwa suna tattara rubuce-rubuce domin Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, aron littafi suke yi a kwafa a mayar wa mai shi, saboda na'urar ba ta ɗaukuwa. Yau kayan aikin gaba ɗaya a jaka guda suke shiga, a kafa su a zaurenku. Uzurin fita da littafi ya ƙare.

Ki tambaye ni ina littafin yake zuwa in ya fita. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, a zura a gafaka. Abin da ke riƙe jerinsu ita ce kalmar nan guda da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Dillali ya san warƙa goma a rarrabe sun fi littafi ɗaya kuɗi. Sai ya zare masu zayyana da hatimi da jan wasali, ya sayar ɗaiɗai a sa a gilashi a rataya a bango. Warƙar ƙarshe kuwa, inda kakanki ya rubuta "tammat", wato an kammala, ya sa sunansa da na malaminsa da garin da ya kammala, ita ce farkon abin da ake cirewa, don kada a gano gidan da aka ɗauko. Daga ranar littafin ya zama maraya, ko kin gan shi ba ki da hujja.

Batun dawowa bayan wata shida, ba sai na kai ki nesa ba, daga Aboabo zuwa Manhyia, fadar Asantehene, tafiyar ƙafa ce. Kayan zinariyar Asante da sojojin Ingila suka kwasa a 1874 da 1896, sai a 2024 guda 32 suka dawo, 15 daga British Museum, 17 daga gidan tarihin V&A na Landan. A matsayin aro suka zo, na shekara uku, da damar ƙara uku, domin dokokin Ingila na 1963 da 1983 sun hana gidajen nan biyu sakin abin da ke hannunsu. Gidan tarihin Fowler na Amurka ne ya mayar da wasu guda 7 na dindindin, ba aro ba. Wannan fa Asantehene ke nan, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, da ƙasaitarsa da masanansa, a kan kayan da duniya ta shaida nasu ne. Wasiƙu da layun Musulmin Kumasi da aka tsinta bayan an ci Asante a yaƙin Katamanso a 1826 har yau suna laburaren masarauta a Kofanhegan ta ƙasar Denmark. Ke da wace takarda za ki bi sawun naki? Da lambar wayar ɗan unguwa?

Akwai kuma doka. Tun 1969 dokar gidajen tarihi ta Gana ta hana fita da kayan tarihi sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi, wato GMMB. Mai fita da su ba izini fasa-ƙwauri yake yi, wanda ya miƙa masa kuma ba zai ce ba ruwansa ba.

Kada ki ɗauka ina hana ɗaukar hoto. Ina roƙon a ɗauka. Alhaji Umaru Karachi, malami marubucin waƙoƙi haifaffen Kano, ya rasu a 1934, tsohon garin Kete Karachi da ya zauna kuma ruwan Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo. Waƙoƙinsa sun kawo yau ne domin almajirai sun kwafa sun bazu da su, Legon kuma ta kwafa ta ajiye. Amma sharuɗɗa naku ne, a rubuce, da shaidu: a yi aikin a gidanku a gaban idonku, a ba ku cikakken kwafi, sunan Malam ya hau kan kowane littafi, shafukan asiri da laƙani da wasiƙun cikin gida ku ne za ku ce a sa a intanet ko a bari. Kwafin nan ku riƙe shi da kyau a wuri biyu, don a Oktoban 2023 masu kutse sun durƙusar da kwamfutocin Laburaren Birtaniya, aka daɗe masu bincike ba sa iya buɗe abin da aka ajiye can.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne hanyar halal ta fi ta ɓarawo wuya. Takardun neman tallafi da Turanci suke, ba a ba iyali kai tsaye sai wata jami'a ko ma'ajiya ta tsaya musu, a yi watanni ana jiran amsa. Dillali kuwa yana sallama da Hausa, da kuɗi a aljihu. A 2017 majalisar Gana ta kafa Asusun Raya Zango da doka. A ganina, ɗaki guda busasshe mai kyamara da ma'aikaci biyu da suka iya karanta ajami, a Kumasi da Ankara da Tamale, bai fi ƙarfin wannan asusu ba, kuma da an yi, da ba ki kwana kina tunanin abin da majalisar Ingila ta yanke ba. Sarakunan Zango da limamanmu su ne ya kamata su riƙa tayar da maganar.

Yanzu ga garar. Yau ɗin nan ki fitar da akwatunan daga ɗaki mai yoyo, ki ɗora su a kan tebur nesa da bango. Ki fito da gafaka ɗaya ɗaya, ki shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, ban da rana. Ki naɗe kowane littafi da farin ƙyallen auduga wankakke. Akwatin da gara ta taɓa a raba shi da su. Kada leda ta kusance su, tana tara gumi ta kawo fumfuna. Ba salatif, ba kananzir, ba feshin maganin sauro. Uwa uba kada wani ya kai su shagon laminatin. An taɓa kawo mini wasiƙar wani malami da jikansa ya manne a roba don ƙauna: zafin injin ya gasa takardar ta koma ruwan ƙasa, danshi ya maƙale a ciki, tawadar ta bazu, kuma ba yadda za a ɓare robar ba tare da ta taho da rubutun ba. Tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, wadda ake wankewa a allo, ko yatsa mai laima yana ɗauke ta. Kada kuma ki yi ƙoƙarin jera warƙoƙin da suka hargitse, ki bar su yadda kika same su.

Sannan ki ɗauki wayarki ki yi hoton shafin farko da na ƙarshe na kowane littafi, ki ba shi lamba a littafin rubutu. In kin ɗaga warƙa ga haske kika ga jinjirin wata uku a jere cikin takardar, wannan takardar Italiya ce da fatake suke kawowa, ki rubuta hakan ma.

Ƙannenki kuwa kada ki yi faɗa da su, gado ne, suna da haƙƙi, kuma wataƙila matsi ne ya sa. Ki tara su da sauran jikokin Malam a gaban limamin unguwa, a duba ko za a mai da littattafan waƙafi na zuri'a, a rubuta wa zai riƙe. Bayan haka ki ɗauki littafin lambobin, ba akwatunan ba, ki je ma'ajiyar takardu ta Manhyia, wadda ke aiki tare da cibiyar Legon, ko ofishin PRAAD na Kumasi, wato hukumar adana takardun gwamnati, ki ce kina neman wanda zai zo gida ya duba. In mutumin nan ya nace, ki ce ya kawo wasiƙar ƙungiyarsa da izinin GMMB, ku haɗu a ofishin hukumar ranar aiki da safe.