Fatawa: Ɗana na karanta littattafan jarumta, 'yata na karanta na soyayya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni uwa ce a nan Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Ɗana mai shekara 11 ba ya rabuwa da littattafan jarumta, na yaƙi da dodanni da tafiye-tafiye. A ganina babu laifi, tun da sun raba shi da yawon unguwa. Yayarsa kuwa, mai shekara 16, na kama ta da littattafan soyayya irin na da, waɗanda mu ma muka karanta muna 'yan mata. Na ƙwace na kulle a akwati, don ni a ra'ayina soyayya duk ɓata tarbiyya ce. Mahaifinsu ya ce duka biyun ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun ce, a haɗa a ƙona. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya shirya mana zuri'a. Malama, bari in fara da maganar maigida, don ita ce tushe.

Ƙarya a shari'a ita ce ka ba da labarin abu saɓanin yadda yake, mai sauraronka ya ɗauka haka ɗin ya faru. A kan wannan ne hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya yi narko ga mai ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya. To amma tsohuwar da ta tara jikoki bayan isha ta ce "ga ta nan ga ta nanku" ba ta yaudari kowa ba. Ɗan shekara biyar ma ya san Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi a wata unguwa ba. Kakanninmu har sun sa wa abin hatimi a ƙarshe, suna cewa ba don Gizo ba da sun yi ƙarya. Marubuci da mai karatu sun riga sun yi yarjejeniya cewa wannan misali ne ake bugawa.

Kuma ina roƙon maigida ya tambayi duk wanda ya yi karatun zaure mai zurfi, wane littafi ake sauke lugga da shi. Zai ce masa Muƙamatul Hariri. Abu Zaidis Saruji, tsohon nan mai wayo da ke yawo gari gari yana damfarar mutane da zaƙin baki, ƙirƙirarsa aka yi. Hariri ya rasu a shekara ta 516 bayan hijira, kuma tun daga lokacin malamai ke karantar da littafin a gabas da yamma, har zaurukan Katsina, ba su ce a ƙona ba. Shi kansa a gabatarwa ya kare kansa da cewa labaransa kamar labaran da ake sa wa dabbobi a baki ne don koyarwa.

Hujjar da masu haramtawa suka fi riƙewa ita ce aya ta 6 a Suratu Luƙman, mai zargin wanda ke sayen zancen banza don ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah. Wasu malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan Nadru ɗan Haris, wanda ya kwaso labaran jaruman Farisa, Rustum da Isfandiyar, yana zama inda Annabi (SAW) ya tashi yana karanta wa Ƙuraishawa don su bar sauraron Alƙur'ani. A duba da kyau, ayar ta ɗaura laifin a kan ɓatarwa. Saboda haka asalin ƙagaggen labari halal ne, abin da ke cikinsa da abin da yake yi wa mai karatu su ke sauya hukuncin.

Yanzu sai ke, Malama. Kin yi wa littattafan ɗanki afuwa gaba ɗaya, kin yanke wa na 'yarki hukunci gaba ɗaya, alhali ba ki ce mini kin buɗe na yaron ba.

Ni ma na karanta irinsu. Ina yaro nakan ɓoye Ruwan Bagaja a ƙarƙashin buzun mahaifina, in ya fita masallaci in jawo fitilar ƙwai in ci gaba daga inda Malam Zurƙe ya tsaya da shegantakarsa. Littafin nan a garin nan aka rubuta shi. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da aka yi gasar rubutu ta 1933, kuma a gasar ne yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya rubuta Ganɗoki. Mutanen da suka san littattafan fiƙihu irin Risala da Muhtasar ne suka rubuta wa yara labarin aljanu da tafiye-tafiye. Ambaton aljani ko matsafi a labari ba laifi ba ne, Alƙur'ani ma ya ba da labarin matsafan Fir'auna. Abin da za ki duba shi ne wa ke cin nasara, kuma da me. Idan jarumin da yaro ke so ya zama kamarsa da zoben tsafi yake kuɓuta kullum, ko sai ya durƙusa gaban boka kafin ya ci yaƙi, to ana shuka wa yaro dogaro da wanin Allah, wannan littafin a ɗauke shi. Mafi muni a wurina su ne labaran da ake ƙaga wa sahabbai, a ce Sayyadina Aliyu ya yi yaƙi kaza da sarkin aljanu kaza. Yaro na ɗaukar wannan a matsayin tarihi, nan kam ƙarya ce tsagwaronta, kuma maigida yana da gaskiya a kanta.

Soyayya kuwa, Musulunci bai ji kunyar ambatonta ba. Buhari ya ruwaito labarin Mugisu, yana bin Barira, matarsa da ta rabu da shi bayan an 'yanta ta, a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) ya ce wa baffansa Abbas ko bai yi mamakin son da Mugisu ke wa Barira da ƙin da take yi masa ba. Har ya roƙe ta ta koma masa. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, aka ƙyale ta. Ka'abu ɗan Zuhairu ya buɗe ƙasidarsa da begen Su'adu a gaban Manzon Allah, bai hana shi ba. Ibnu Hazmi, babban malamin fiƙihu na Andalus, littafi guda ya wallafa a kan so da alamominsa. Kuma akwai hadisin Ibnu Majah cewa ba a ga abin da ya dace da masoya biyu kamar aure ba.

Iyakar tana wani hadisin na Buhari, wanda ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallonta. In an hana wannan da baki tsakanin miji da mata, to rubuta shi a shafi ana yaɗawa ya fi cancanta da hani. Duk littafin da ke siffanta jiki da abin da ke faruwa a shimfiɗa, ko yake ƙawata keɓewar saurayi da budurwa ya mai da ita wayewa, karanta shi haramun ne ga budurwa da matar aure da tsoho mai furfura, rubuta shi da sayar da shi sun fi. Da yawa daga na da ɗin da kika kulle, iyakarsu wasiƙa da zance a zaure da rikicin auren dole. Wani uba ya taɓa miƙo mini wayar 'yarsa bayan karatun magariba, ya nuna mini labarin da ake turo musu shafi shafi a WhatsApp. Layi huɗu na karanta na mayar masa. Ina tsoron kin kulle mai sauƙin a akwati, mai dafin yana cikin wayar da ke hannunta.

Ko mai tsabtar ma yana da ma'auni. Mai Risala ya ce babu laifi a rera waƙa, amma kaɗan ya fi, kuma bai kamata a shagala da ita ba. Haka labari. In yarinya ta kwana karatu har asuba ta kuɓuce mata, ko yaro ya bar haddarsa, to halal ya ja zuwa ga abin ƙi, in ya kai ga barin farilla ya zama haram.

Kada a ƙona komai tukuna. Ki buɗe akwatin nan ki sake karanta littattafan da idon uwa, shi kuma maigida ya ɗauki na yaron ya duba. Wanda ya tsira a mayar wa mai shi. In kin miƙa wa 'yarki, ki zauna ki tambaye ta me ta gani game da yarinyar cikin labarin da ta bijire wa iyayenta, kuma ki bari ta gama magana kafin ki faɗi taki. Wallahu a'alam.