Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Ake Faɗin Lokaci a Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma ɗalibaina na aji shida suna rikita at da on da in duk lokacin da za su faɗi lokacin da abu ya faru. Yaya zan koyar da su?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan aiki da kike yi. Ki fara nuna musu cewa girman lokacin ne yake zaɓar kalmar. Ana amfani da at idan agogo ake nufi, kamar "The lesson starts at eight o'clock", wato darasi zai fara da ƙarfe takwas. Ana amfani da on idan rana guda ce ko kwanan wata, sai kuma in idan wata ne ko shekara ko wani yanayi na shekara kamar damina. Tun da yaranki sun san ranar samun 'yancin kai, ki rubuta musu jimla ɗaya ta hanya uku a kan allo: "Nigeria became independent in 1960", sannan "in October 1960", sannan "on 1 October 1960". Da idonsu za su ga cewa shigowar ranar ce ta kori in ta kawo on.

Akwai wuraren da ƙa'idar take karkacewa, kuma a nan yara suka fi tuntuɓe. Ana cewa "in the morning" da "in the evening", amma dare shi kaɗai "at night" ake ce masa. Idan kuma aka ambaci sunan rana tare da safiyarta, ranar ce take rinjaye, sai a ce "on Monday morning". Abin da na fi so ki dage a kansa shi ne cewa ba a sa ko ɗaya daga cikin ukun a gaban last, next, this da every. "I will come next Friday" ita ce daidai, "on next Friday" kuwa kuskure ne da za ki ji har a bakin manyan ma'aikata.

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC a Gusau. Na rubuta "I am here since morning", malaminmu ya ja masa jan biro, alhali ya koya mana cewa since tana nufin "tun". Ina laifina?

Amsa: Ɗana, malaminka ya yi gaskiya, kai ma ba ka yi kuskure wajen zaɓar since ba. Matsalar tana jikin aikatau ɗin da ya gabace ta. A Hausa muna cewa "ina nan tun safe", kuma jimlar ta zauna daidai, amma Turanci yana da sigar aikatau ta musamman don abin da ya fara a baya kuma bai yanke ba har zuwa lokacin magana, wato wadda ake ginawa da have ko has. Saboda haka abin da ya kamata ka rubuta shi ne "I have been here since morning". Kada ka haddace since ita kaɗai a matsayin kalma, ka haddace ta a cikin jimla tare da have been ɗinta, domin a irin wannan magana tare suke tafiya.

Sai ka kula da bambancinta da for, wanda masu shirya jarrabawa suke yawan gwada ɗalibai da shi. Since tana neman inda abu ya faro, ko ƙarfe ne, ko rana, ko shekara, ita kuwa for tana neman tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Abuja ta zama babban birnin Najeriya a ranar 12 ga Disamba, 1991, don haka za ka iya cewa "Abuja has been the capital since 1991", ko kuma "Abuja has been the capital for more than thirty years". Magana ɗaya ce, amma ta farko ta nuna mafari, ta biyu ta auna tsawo. "Since three years" ba ta da wurin zama a takardar jarrabawa.

Ago kuma ƙirgawa take yi daga yau zuwa baya, kuma tana zuwa ne bayan adadin, tare da aikatau na abin da ya riga ya wuce: "My father died five years ago". Ba a haɗa ta da have a irin wannan jimla.

Tambaya: Ranka ya daɗe, an aiko mana da takarda a ofis cewa mu miƙa rahoto "by Friday". Wani abokin aikina ya ce sai ranar Juma'a za a fara karɓa. Haka ne?

Amsa: A'a, abokin aikinka ya juya maganar. By tana sanya wa'adi ne, ma'ana ka miƙa tun ranar Talata ko Laraba idan ka gama, amma kada ka wuce Juma'a. Until ita ce take nuna abin da zai ci gaba har zuwa wani lokaci sannan ya tsaya, kamar "The office is open until four". Tun da maganar ofis muke yi, ka riƙe wannan ma: "on time" na nufin a daidai lokacin da aka tsayar, "in time" kuwa na nufin kafin lokaci ya ƙure, kamar wanda ya isa tasha mota tana dab da tashi amma ya samu shiga.

Tambaya: Malam, daga Maraɗi nake rubuto maka. Mu nan mun saba da agogon awa 24, don haka 12 a.m. da 12 p.m. suna ruɗa ni. Wanne ne rana, wanne ne dare?

Amsa: Haruffan sun fito ne daga Latin, ante meridiem da post meridiem, wato kafin tsakar rana da bayanta, shi ya sa ƙarfe sha biyu cif take ruɗa har da Turawan kansu. Abin da aka saba, kuma wayoyin hannu suke bi, shi ne 12 p.m. tsakar rana ce, 12 a.m. kuma tsakar dare. Shawarata ita ce idan kai ne mai rubutu ka sa "12 noon" ko "midnight", ka huta da gardama.

Akwai wani abu a nan da ya fi wannan haɗari. A lissafinmu na Musulunci dare ne yake gabatar rana, saboda haka daren Juma'a shi ne wanda yake shiga bayan magaribar Alhamis, kuma Bature "Thursday night" yake kiransa. "Friday night" kuwa a wurinmu daren Asabar ke nan. Idan tikitin jirgi ya nuna 00:30 ranar Juma'a, to mai tafiya zai bar gida ne da daren Alhamis, domin jirgin zai tashi minti talatin bayan shigowar Juma'ar, kuma wanda ya jira sai ya sauko daga masallaci ya rasa jirginsa. Haka ma kwanan wata: 03/04/2025 a Ingila da Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris, don haka a takarda mai muhimmanci gara a rubuta sunan watan.

Tambaya: Malam, "next tomorrow" Turanci ne mai kyau?

Amsa: Kowa a Najeriya zai gane cewa jibi kake nufi, kuma ban ga aibu ba idan hira ce. Amma a wasiƙar neman aiki ko jarrabawa, ko a gaban baƙon da bai san Turancin ƙasar nan ba, sai ka ce "the day after tomorrow", kamar yadda shekaranjiya take "the day before yesterday". Gata da citta ba su da kalma tasu a Turanci, sai dai ka ƙirga kwanakin ka ce "in three days" da "in four days", ko kuma ka ambaci sunan ranar kai tsaye.