Bayan aikin maƙoƙo: yatsu na sagewa, laifin waye?

Tambaya: Salam likita, kwana 2 kenan da aka cire min maƙoƙo gaba ɗaya, yanzu leɓena da yatsuna sai sagewa suke kamar ana tsira min allura, dan Allah lafiya kuwa?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa, Allah ƙara sauƙi. Wannan alama ce ta kalsiyum ya yi ƙasa a jini. A bayan tayirod, wato halittar gaban wuya da aka cire miki, akwai wasu 'yan ƙananan halittu guda 4 da ake kira faratayirod, su ke fitar da sinadarin PTH mai riƙe kalsiyum daidai, toh lokacin aiki ko da ba a cire su ba sukan bugu ko jinin da ke zuwa musu ya ragu sai su ɗan yi shiru, shi ya sa abin ya fi bayyana cikin awa 24 zuwa 72. Ki faɗa wa likitanki yau yau a auna jini, kar ki ce bari sai ranar komawa asibiti. In kuma hannu ya fara ƙanƙamewa, ko numfashi na sarƙewa, ko jijjiga, wannan gaggawa ce, ta jijiya ake ba da kalsiyum ɗin.

Tambaya: Likita matata wata 3 tun bayan aikin maƙoƙo tana shan kalsiyum da calcitriol, har abada kenan?

Amsa: Malam galibi a'a. Calcitriol nau'in bitamin D ne mai taimaka wa jiki tsotse kalsiyum. Yawanci faratayirod ɗin suna farfaɗowa cikin makonni ko 'yan watanni, sai an wuce wata 6 zuwa shekara PTH bai dawo ba ake tunanin ya zama na dindindin. Amma kar ta daina da kanta, a hankali ake ragewa ana auna jini. Kar kuma ta ƙara da kanta wai dan ta ji ƙarfi, in ya yi yawa ga ƙishirwa ga yawan fitsari ga bushewar ciki, har tsakuwar ƙoda yana kawowa.

Tambaya: Zan iya haɗa levothyroxine da kalsiyum lokaci ɗaya da safe?

Amsa: A'a hajiya, nan fa mutane da yawa ke kuskure. Kalsiyum na hana hanji tsotse maganin. Ki sha levothyroxine, wato maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, da ruwa kafin ki ci komai, ki ba da tazarar awa 4 sannan kalsiyum, in kalsiyum ɗin mai carbonate ne da abinci ya fi.

Tambaya: Ni ɓari ɗaya na tayirod za a cire min, ƙarancin kalsiyum ɗin zai same ni?

Amsa: Da wuya gaskiya, faratayirod na ɗaya gefen ba a taɓa su ba, sun isa.