Ɗalibaina sun iya karatu, amma in nace su rubuta ra'ayinsu sai shiru

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a ajin yaƙi da jahilci, yawancin ɗaliban sun girme ni, kuma Alhamdulillah yanzu suna haɗa baƙi har su karanta gajeren labari ba laifi. Matsalar itace duk sanda muka gama labari nace kowa ya rubuta yadda ya ganshi sai aji yayi tsit, wasu su kwafe min layin farko, wasu su rubuta "labarin yayi daɗi" shikenan su ajiye biro. Dan Allah ya zanyi dasu? Daga wata malamar ajin yamma.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malama, sannu da ƙoƙari Allah ya biya. Gaskiya ni a ganina mutanen nan ba rashin ra'ayi ke damunsu ba, mutumin da yayi aure ya aurar, ya ci bashi ya biya, ya binne nasa, ai bazai rasa ta cewa akan labari ba. Abinda ke faruwa shine kin ɗora musu aiki biyu lokaci guda, tunani da kuma kokawa da biro, kuma kinsan wanda ya koyi rubutu da girma hankalinsa kaf yana kan harafi ne, ki duba yadda yake damƙe fensir har yatsa yayi shati, ya rubuta kalma ɗaya ya goge ya sake har takardar ta huje, toh ina tunanin labari zai samu wuri?

Saboda haka ki raba aikin. Ku fara da baki. Ki karanta musu labarin da murya koda sun iya karantawa da kansu, sannan a rufe littafi ayi hira, a bari suyi musu sosai. Duk wanda ya faɗi magana mai nauyi ki rubuta ta a allo yadda ya faɗeta sak, kada ki gyara masa ita ta koma irin taki, ki sa sunansa a ƙasa. Sai aji su karanta. Wanda yaga maganar bakinsa a allo ana karantawa, gobe shi zai fara jawo littafi. Paulo Freire ma, wani masanin ilimi ɗan Birazil, da ya koyar da manya kusan 300 a garin Angicos na Birazil a 1963, da hoto da hira ya fara, kalmomin darasin kuma daga bakin mutanen aka tattaro su.

Sai tambayar kanta, nan ne nake ganin gizo ke saƙar. "Rubuta ra'ayinka" tayi faɗi da yawa, "wane darasi muka koya" kuma kamshin jarabawa take yi, kowa zai zata akwai amsa ɗaya a aljihun malama, shi yasa suke kwafe layin farko dan kada suyi kuskure. Wata malamar adabi Ba'amurkiya Louise Rosenblatt tun 1938 take cewa ma'anar labari tana samuwa ne tsakanin rubutun da mai karatun, kowa da abinda ya shigo dashi. Kenan tambayar da zata jawo rayuwarsu ciki ita ake nema. Misali labarin akan uba ne da ya ɓoye wa iyalinsa an sallame shi daga aiki, kullum yana shiri yana fita kamar da. Ki ce musu: rubuta masa wasiƙa layi uku. Ko, kece matarsa yau kika gano, me zaki fara ce masa? Ko su canza ƙarshen. Masu rauni ki basu kan jimla su ƙarasa, irin "Abinda ya ban haushi shine…" ko "Da nine da…". Layi biyu na gaskiya ya isa a farko wlh, kada ki nemi shafi.

Abu ɗaya dai, in labarin ya taɓo ciwo kamar mutuwar ɗa ko saki, kada ki tilasta kowa ya karanta nasa a gaban aji. Kuma dan Allah a daina kawo musu labaran yara na firamare, manya ne, suna ganewa in an raina su.

TAMBAYA: Malam, rubutun ɗalibaina cike yake da kuskure, in gyara da jan biro ne ko in ƙyale? Daga wani malamin sa-kai.

AMSA: Ɗan'uwa ka ajiye jan biron nan tukuna. Ka fara amsa abinda mutum ya faɗa, ka rubuta masa a ƙasa "Baba me yasa kake ganin matar ce da laifi?" kaga dole ya sake rubutu dan ya baka amsa. Kurakuran kuma ka tattara guda biyu ko uku da suka fi yawa a ajin, kuyi su tare a allo wata ranar ba tare da ka kama sunan kowa ba. In za'a manna rubutun a bango ko a haɗa shi ɗan littafi na aji, lokacin ne zaka zauna da mai shi ku gyara tare, da fensir.