Tambaya da Amsa: Kwantena Ta Ƙi Tashi

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta a wani ƙauye kusa da Ringim, da sola muke aiki. Na ɗora Proxmox (manhajar da ke gudanar da kwamfutoci na cikin manhaja a kan na'ura guda) a kan tsohuwar kwamfuta, a ciki akwai kwantena, wato irin wannan ƙaramar kwamfuta ta cikin manhaja, mai lamba 101 da ke riƙe da sakamakon ɗaliban Islamiyyarmu. Batir ya ƙare cikin dare ana tsaka da ajiyar kwafi. Da safe uwar kwamfutar ta tashi, kwantenar ta ƙi. A taimaka.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kuma don Allah kada ka goge ta, aikin yaran nan amana ne.

Zargina na farko makulli ne. Duk sanda Proxmox ke ɗaukar kwafi, sai ya kulle kwantenar, ya buɗe in ya gama. Da wuta ta katse shi, makullin ya zauna. A wurin rubuta umarni na uwar kwamfutar, rubuta pct unlock 101 don cire makullin, sannan pct start 101 don tayar da ita.

In ta ƙi, to katsewar ta taɓa tsarin fayilolin faifanta. Tana a kashe, ka ba ta pct fsck 101 ya gyara. Duba wuri ma da df -h da lvs, domin faifan da ya cika yakan hana tashi. Har yanzu shiru? pct start 101 --debug zai nuna maka layin da ta tsaya, ka turo mini shi.

Kuma ka mayar da lokacin kwafin zuwa azahar, sa'ad da rana ke cika batir.