Haɗa Ƙaramar Fitilar LED Ta Kyamara A Sakkwato

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya haɗa ƙaramar fitilar LED da kanka don ɗaukar hoton biki da dare. Za ka iya, amma LED ba ta kai fitilar zenon, wato filashin kyamara da aka saba da shi, ƙarfin walƙiya ba, domin ita zenon takan saki haskenta gaba ɗaya cikin kusan kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. Taka sai dai aikin kusa, kamar mita 2 zuwa 3.

Ƙwan shi ne kan gaba. Nemi mai launin hasken rana, wajen 5500K a ma'aunin launin haske, wanda CRI ɗinsa, wato ma'aunin yadda haske ke fito da ainihin launin abu, ya kai 90. Don Allah a nan kada ka bi araha. Ƙwai mai arha yakan mayar da baƙar fata toka-toka, jan lallen amarya ya dushe, shuɗiyar shaddar ango ta fito wani iri, kuma gyaran kwamfuta da wuya ya dawo da launin da fitila ba ta bayar ba.

Farar LED tana aiki da wajen bolt 3, batirin 18650 kuwa, wani nau'in batirin litiyom da ake caji, yana kai bolt 4.2 in ya cika, saboda haka kada ka jona su kai tsaye. Sa direba a tsakaninsu, wato 'yar na'urar da ke ƙayyade yawan wuta.

Sai zafi. A Afrilu garin nan yana wuce digiri 40, zafi kuma yana rage hasken LED da kwanakinta. Ɗaure ƙwan a kan farantin alminiyom mai kauri, ka shafa man ɗaukar zafi a ƙarƙashinsa. Gaban fitilar kuwa sa farar roba mai dishi-dishi, ta tausasa hasken, ta kuma tare ƙurar hunturu.