Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ka Zuba Kuɗi a Hotuna da Mutum-mutumin Smash

Saƙonnin wannan makon duk wuri guda suka dosa: Super Smash Bros., gem ɗin damben nan na kamfanin Nintendo da ke Japan, inda ake tara jaruman wasanni daban-daban a fili ɗaya, ka ga Mario yana kirɓar Pikachu, Sonic ya biyo Link da gudu. Ya fito kashi-kashi, su Melee da Brawl da Ultimate, a kan na'urorin wasa na Nintendo irin su Wii da Switch. Abin dariya, ba wanda ya tambaye ni yadda ake cin dambe. Kowa hankalinsa na kan kayan da ake tarawa: hotuna, sitika da mutum-mutumi. To bismillah.

"Malam, ina yaro na buga Brawl a Wii ɗin yayana. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne 'yan mutum-mutumin nan na cikin gem, kana jujjuya su kana karanta tarihinsu. Yanzu ina da Switch, na tara kuɗin Ultimate, sai wani ya ce mini an cire su. In saya, ko in nemi tsohuwar Wii U?" Daga wani ɗalibi a Zariya.

Ƙanena, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Waɗannan mutum-mutumin, da ake rubuta Trophies a kansu, sun fara ne a Melee, na GameCube, a 2001, guda 290 ko sama da haka kaɗan. Brawl na 2008 ya kai su 544, ya kuma ƙaro sitika 700. Na 3DS da Wii U da suka fito a 2014 sun ci gaba da al'adar. Da Ultimate ya iso ranar 7 ga Disamba, 2018, sai aka neme su aka rasa. Masahiro Sakurai, mai jagorantar gem ɗin tun na farko a 1999, ya fito ya ce yin su yana da wahala ƙwarai. Kuma in ka duba, da gaskiyarsa: kowane guda sai an ƙera shi gaba da baya, an rubuta masa bayani, an fassara bayanin zuwa harsuna, alhali ana fama da haɗa duk wani ɗan dambe da ya taɓa shiga jerin a gem ɗaya.

Abin da ya maye gurbinsu shi ne Spirits, ni kurwa nake ce musu. Labarin gem ɗin ya ce wani dodon haske mai suna Galeem ya shafe kowa, Kirby kaɗai ya tsira, sauran suka rasa jikinsu, kurwarsu ta rage. A aikace, kurwa hoto ne shimfiɗaɗɗe, ba a juya shi, kuma ba a rubuta masa tarihi ba. Wannan rashin bayanin shi ne babban gibi, ba zan ɓoye maka ba. Sau da yawa zan ci kurwar wata yarinya mai koren gashi daga wani tsohon gem da bai taɓa fita daga Japan ba, in zuba mata ido, sunanta da sunan jerin wasanta kawai nake gani, sauran sai na je na bincika da kaina.

Amma ga inda na rabu da masu kukan an yi asara. Mutum-mutumin da, mafi yawansu fasali ɗaya ne, an goge su sumul kamar daga shago ɗaya aka kwaso su. Kurwa kuwa zanen gem ɗin asali ake ɗaukowa, da hannun mai zanensa a jiki. Ka buɗe ɓangaren Metal Gear ka ga aikin Yoji Shinkawa: tawada baƙa, layuka a tsattsage kamar an yi su cikin sauri da burushi, rabin fuska ya narke cikin inuwa. Ka gangara Pokémon, ga zane tsaf-tsaf. Tsofaffin na shekarun 1980 kuma suna nan da launinsu na bangon kwali. Wannan kallon bai samuwa a Wii U. Sitikar Brawl da ka sani ita ce kakar wannan tsarin, don ita ma zanen asali ce, ita ma ana manna ta a gindin mutum-mutumi don ƙara wa ɗan dambe ƙarfi.

Sannan galibi ba tsinta ake yi ba, sai an yi faɗa. Kurwar tana hawa jikin wani ɗan dambe, a shirya karawar ta yi kama da labarinta. Ta Dr. Wily, sai ka kayar da Mega Man takwas kafin Dr. Mario ya fito a madadin tsohon. Ta Pauline kuwa, Allah ya ba ka haƙuri: Peach ce cikin jar riga tana ta tsalle tana guje maka a kan ƙarafunan gini, Mario da ƙaton Donkey Kong sun tare hanya, agogo na ci. Na kwana biyu a kanta ina ƙwafa. An fara da kurwa kusan 1,300, yanzu sun haura 1,500, daga mai tauraro ɗaya zuwa mai huɗu.

Saboda haka sayi Ultimate. Wii U an daina ƙera ta, shagonta na intanet an rufe shi tun Maris 2023, an kuma kashe wasan haɗaka ta intanet a Afrilu 2024. Ko ka same ta a hannu, ƙarin 'yan damben da ake saya daban, su Cloud da Bayonetta, da mutum-mutuminsu ba ka da hanyar sayensu, sai dai in mai ita ya riga ya sauke su. In kewar Brawl ce ta dame ka, ka lallaɓi yayanka ya kakkaɓe Wii ɗin.

"Ɗana mai shekara 11 ya hana ni sakat, wai sai na sayo masa amiibo na Link, in ba haka ba gem ɗinsa bai cika ba. Babansa kuma ba ya son mutum-mutumi a gida. Dole ne?" Daga wata uwa a Kaduna.

Hajiya, ba dole ba ne, yaro ne ya iya talla. Duk 'yan damben da ke cikin katin gem ɗin, da filaye da kurwoyi, ana samunsu da wasa, amiibo ba ya buɗe ɗan dambe ko ɗaya.

Ga abin da yake: ɗan mutum-mutumin roba ne da bai wuce tafin hannu ba, a tsaye kan faifai mai tambarin Smash. Siffarsa kwafin hoton da aka yi wa ɗan damben ne a gem, shi ya sa wasu suke a karkace ko a sama, har sai an tokare su da sanda. Link na farko, wanda ya fito a Nuwamba 2014, wata doguwar sanda rawaya ce ta riƙe shi, mutane sun daɗe suna mata tsiya. A cikin faifan akwai ɗan guntun lantarki. In aka ɗora shi a kan sandar juyawa ta hannun dama na Switch, sai wani Link ya bayyana a gem, wanda ke koyon dambe daga yadda yaron yake bugawa, yana hawa mataki har zuwa 50. Abokin atisaye ne, iyakarsa ke nan. In yaron yana da 'yan'uwa ko abokan bugawa, ya riga ya sami wanda ya fi shi.

Batun ajiye shi a gida kuwa, wannan tsakaninki da maigida ne da malaminku, ba hurumina ba ne. Ni dai na tabbatar miki yaron ba zai rasa komai na gem ɗin ba in an ce a'a. In kuma kun amince, ki ja masa kunne a kan abu ɗaya: ana iya ciyar da amiibo da kurwa don ya ƙara ƙarfi, amma kurwar da aka ba shi ta tafi ke nan daga jakarsa. Kada ya kwashi mai tauraro huɗu da ya sha wuya a kanta ya zuba, ya dawo yana miki kuka.

"Na ga wani yana tallar katunan amiibo na Smash, guda ashirin da wani abu, a kuɗin da bai kai na mutum-mutumi ɗaya ba. Ya ce orijina ne." Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Ɗan'uwa, ba orijina ba ne. Nintendo ta yi katunan amiibo, amma galibinsu na Animal Crossing ne, ba ta yi wa jerin Smash kati ba. Waɗanda ka gani fararen katuna ne masu guntun lantarki samfurin NTAG215, aka kwafe bayanin amiibo aka zuba, aka ɗauko hoton ɗan damben daga intanet aka buga a kai. Sau da yawa na'ura tana karanta su. Amma kwafi ne ba da izini ba, kuma in don kyan zanen kake so, ka shirya ganin fuskar Samus ta dushe, gefen hoton a yanke. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗinka da sunan na asali.

Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi Kirby daga wani mai talla a intanet, hoton da ya saka tas. Da kaya suka iso, ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na ɗora a na'ura, shiru kamar an shuka dusa. Na ɓalle gindin, ba komai a ciki sai iska. Tun daga ranar na daina cinikin biri a sama. In za ka sayi mutum-mutumi na hannu, tafi da Switch ɗinka. Ba ka ma bukatar gem: shiga saitin na'urar, akwai sashen amiibo, ka ɗora a gaban mai kaya. A nan kuma za ka goge sunan tsohon mai shi da abin da ya koya masa. Ka juya ƙasan faifan ka ga tambarin Nintendo a sarari, ka duba fenti a ido da yatsu, don nan jabu yake fara tona kansa. Kada wanda aka rubuta Japananci a kwalinsa ya tsorata ka, amiibo ba ruwansa da ƙasa, na Japan yana aiki a na'urar Turai ko Amurka.

"In na sayi amiibo na bar su a kwali, za su yi tsada nan gaba?" Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Alhaji, na san labarin da ya kai kunnenka. A 2014 an sayar da wata Samus da aka yi kuskuren ƙera ta da bindiga a hannu biyu a kan dala 2,500 a eBay, lokacin da kuɗin guda bai kai dala 13 ba. A 2014 ɗin dai Marth da Villager da Wii Fit Trainer sun yi ƙaranci, 'yan kasuwa suka tsuga kuɗi. Sai Nintendo ta sake ƙero su, waɗanda suka ɓoye kaya suka tashi da kwalaye a ɗaki. Mai ikon sake ƙerawa duk ran da ya ga dama, ba a yin ɓoyon kaya a gabansa. Ka ƙara da kuɗin jigila, da ƙurarmu da zafinmu da ke cin kwali, ga masu sayen a can ƙetare suke. Zuba jarinka inda ka san kan ciniki.

"Kuɗina na ƙarin ɗan dambe ɗaya ne ko biyu. Ni zane nake so, ba ƙarfi ba. Wa zan ɗauka?" Daga wata ɗaliba mai koyon zane a Jos.

Ƙanwata, tambayarki ta fi kowacce yi mini daɗi. Kowane ƙarin ɗan dambe, in ban da Piranha Plant, yana zuwa da fili, da kiɗa, da allon kurwoyin gidansu. A farashin Amurka guda dala 5.99 ne, kunshin farko mai mutum biyar 24.99, na biyu mai shida 29.99. In duk waɗanda ke cikin kunshi ɗaya kike so, kunshin ya fi sauƙi.

Ga mai koyon zane, Hero na Dragon Quest zan fara nuna miki. Dragon Quest zanen marigayi Akira Toriyama ne, mai Dragon Ball, kuma dodanninsa darasi ne a kan yadda layi kaɗan ke ba da hali: ki dubi Slime, ɗigon ruwa ne da ido biyu da murmushi, amma ba wanda zai gan shi ya manta. Joker ya zo da mutanen Persona 5 na Shigenori Soejima, in kina son ja da baƙi da tsayuwar gayu.

Na biyu kuma Sephiroth na Final Fantasy VII, ɗan gem ɗaya da Cloud. Lokacin da Ultimate ya fito, Cloud yana ciki, amma gidansu fayau: kiɗa biyu kacal, ba kurwar abokansa ko ɗaya, shi kansa kurwarsa hoton Smash aka manna mata maimakon zanen asali. Kayan na kamfanin Square Enix ne, ba na Nintendo ba, kuma a gem irin wannan kowane hoto sai mai shi ya sa hannu. Sai a Disamba 2020, da Sephiroth ya shigo, aka ga su Tifa da Aerith da Barret da zanen Tetsuya Nomura.

Wanda zan ce ki yi hattara da shi Sora ne na Kingdom Hearts, gem ɗin da ya haɗa da jaruman Disney, na ƙarshe, wanda ya rufe ƙofa a Oktoba 2021. In don Donald Duck da Goofy za ki saya, ba su zo ba. Kurwoyin duk na mutanen Kingdom Hearts ne zalla, abin da ya rage na Disney a bayyane shi ne ɗan tambarin kan Mickey da ke lilo a jikin makaminsa.

Wajen biya, ki duba ƙasar da aka buɗe asusunki na Nintendo da ita kafin ki sayi katin kuɗi, don katin dala ba ya shiga asusun Ingila, na fam ba ya shiga na Amurka. Kuma ƙarin yana bin asusun da ya biya ne, ba katin gem ba. Kada ki bari mai shago ya sauke miki da nasa asusun don ragin 'yan kuɗi, ranar da ya canza lambar sirri ko ya mai da asusun kan wata na'ura, Sephiroth ya bi shi.